Amfanin Ɗaliban Injiniya Masu Koyon Aiki a Masana'antu

Kowace shekara, in lokaci ya yi da jami'o'i da kwalejojin fasaha su kan saki ɗalibansu su fita koyon aiki, a kan ga samari da 'yan mata riƙe da takardu suna zaga ƙofofin masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa cikin Kano, da Kakuri a Kaduna. Da yawa daga cikinsu iyakarsu bakin ƙofa, maigadi ya karɓi takarda ya ce a dawo gobe. Waɗanda suka yi sa'a aka ɗauke su kuwa, sau da yawa sai a ajiye su a ofis su zama 'yan aike, wannan ya aike su sayen abinci, wancan ya ba su takarda su kai sito, har wata shida su cika. Ɗalibi ya koma makaranta bai ƙaru da kome ba, mai kamfani kuma ya ɗauka taimako kurum ya yi don Allah.

A nan akwai hasara biyu, ta ɗalibi da ta kamfani. Ta kamfani ce ba a cika lura da ita ba, domin kuɗin da ke zurarewa a masana'anta ba ya ƙara in ya faɗi. Cikin ɗaliban nan akwai waɗanda aka koya musu sana'ar gano inda kuɗin ke zurarewa, su ne masu karatun injiniyan tsara aikin masana'antu.

Wane ne injiniyan tsara aiki?

Injiniyoyi iri iri ne. Wani aikinsa ƙera inji da gyaransa, wani wutar lantarki, wani hanyoyi da gadoji. Shi injiniyan tsara aiki, abin da ya ke dubawa shi ne yadda a ke haɗa mutane da injuna da kayan aiki da lokaci da kuɗi, a fitad da kaya mai kyau ba da wahalar banza ko ɓarnar dukiya ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: agogo, da awo, da takarda, da ido mai lura. Jami'ar Ibadan tana da sashe na musamman na wannan ilmi, a waɗansu makarantu kuwa a kan koyar da wani ɓangarensa cikin karatun injiniyan injuna.

Asalin wannan ilmi a Amurka ne. Tsakanin 1898 da 1901 wani injiniya mai suna Frederick Taylor ya yi aiki a kamfanin ƙarfe na Bethlehem, inda ya tarar da leburori tsakanin 400 da 600 suna kwasar kwal da tama a fili, kowa da shebur nasa na gida. Da shebur guda mutum ya kan ɗebi garin kwal wanda bai kai laba 4 ba, jim kaɗan kuma ya ɗebi tama mai nauyin laba 38. Taylor ya yi ta gwaji, yana rage girman shebur yana duba abin da a ke kwashewa a yini, har ya gane lodin da ya fi dacewa shi ne wajen laba 21, watau kilo 9 da rabi. Sai aka tanadi shebur iri takwas zuwa goma, ƙarami don abu mai nauyi, babba don maras nauyi. Bisa ga lissafin da shi kansa ya bayar cikin littafinsa na 1911, abin da mutum guda ke kwashewa a yini ya tashi daga tan 16 zuwa tan 59, kuɗin kwashe tan guda ya sauko ƙasa da rabi, ladan lebura ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.88, mutum 140 kuma suka ishi aikin. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na ƙarshe, za a komo kansa.

Frank Gilbreth kuwa birkila ne tun yana saurayi. Ya lura magini ya kan sunkuya ya ɗauki tubali, ya juya shi ya nemi fuskarsa mai kyau, ya sake sunkuyawa ya ɗebi kwaɓi, haka yini zubur. Ya ƙera dandamali mai tebur wanda a ke ɗagawa yayin da bango ke tashi, ya sa yaro ya jera tubala tun a ƙasa kowanne fuskarsa mai kyau a sama. Motsi 18 da magini ke yi kan kowane tubali suka koma 5, tubalan da ya ke ɗorawa cikin sa'a guda suka tashi daga 120 zuwa 350. Matarsa Lillian, wadda ta yi karatun halayyar ɗan adam, ita ta fi matsa wa a duba gajiyar ma'aikaci, ba yawan kaya kaɗai ba.

Abin lura cikin labaran nan biyu shi ne ba a sayi wani babban inji ba. Dubawa aka yi, aka auna, aka sāke tsari.

Yadda koyon aiki ya samo asali

A 1906 wani malamin injiniya a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, Herman Schneider, ya fara wani tsari da ɗalibai 27. Ya raba su biyu biyu, wannan mako ɗaya yana aji ɗaya yana masana'anta, mako mai zuwa su yi musanya. Ya ga cewa akwai abin da allo ba ya iya koyarwa.

A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horad da Ma'aikatan Masana'antu, wanda a ke kira ITF, da doka mai lamba 47 ta 1971, babban ofishinsa yana Jos. A 1973 Asusun ya ƙirƙiro shirin koyon aiki na ɗalibai da a ka sani da SIWES, saboda kukan da masu masana'antu ke yi cewa waɗanda suka gama karatu suna zuwa musu da takardar shaida amma hannunsu bai taɓa inji ba. A 1979 aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i da hukumar ilmin fasaha mai ofis a Kaduna, a 1984 kuma aka mayar da shi hannun Asusun. Ɗalibin injiniya na jami'a galibi ya kan yi wata shida a shekararsa ta huɗu. Na kwalejin fasaha ya kan yi wajen wata huɗu bayan shekarar farko, sa'an nan ya yi shekara guda bayan ƙaramar difloma. Kowane ɗalibi yana da littafin da ya ke rubuta aikinsa na kullum, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu, malaminsa kuma ya zo daga makaranta ya duba shi.

Abin da ɗalibi ke da shi wanda manaja ba shi da shi

Ba wanda zai ce yaro ɗan shekara ashirin da biyu ya fi manaja ko helma sanin masana'antarsu. Amma yana da abu biyu da su ba su da su. Na farko lokaci. Manaja tun safe yana fama da zancen man janareto da albashi da masu bin bashi, ba shi da sa'a uku da zai tsaya yana kallon inji guda. Na biyu idon baƙo. Wanda ya shekara goma yana tsallake wani bututu a kan hanyarsa ya daina ganinsa, baƙo kuwa ranar farko zai yi tuntuɓe da shi ya tambayi dalili.

Waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan sun ba da labari cewa ya kan zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa sabon injiniya ya tsaya ciki sa'o'i yana kallon aiki, ba ya fita sai ya faɗi abin da ya gani. Ohno ya lasafta ɓarna iri bakwai: yin kaya fiye da bukata, jira, ɗawainiyar kaya daga wuri zuwa wuri, aikin da bai ƙara wa kaya daraja ba, tara kaya a sito, motsin banza, da kayan da suka lalace. Ɗalibi mai koyon aiki shi ne mutumin da kamfani zai iya tsayarwa cikin wannan da'ira ba tare da wani aiki ya tsaya ba.

Akwai wata dabara da ta dace da ɗalibi ƙwarai, domin ba ta bukatar kome sai takarda da fensir. Wani masanin lissafi Bature, Leonard Tippett, ya fito da ita wajen 1934 a masaƙun auduga na Ingila. Maimakon a tsaya kan inji guda da agogo, mutum ya kan zaga a lokatan da ba wanda ya san zai zo, ya dubi kowane inji kallo ɗaya, ya rubuta: yana aiki ko yana tsaye, in yana tsaye mene ne dalili. In an tara irin wannan kallo ɗaruruwa, lissafi zai nuna kashi nawa na yini injin ke tsaye. Sharaɗinta shi ne kada zagayen ya zama da ƙayyadadden lokaci, don in ma'aikata suka gane ƙarfe goma a ke zuwa, ƙarfe goma kowa zai zama mai himma.

Ga misali, an ƙaga shi ne don a nuna yadda lissafin ke tafiya. A ce akwai masana'antar casar shinkafa, maigidan yana kuka da injin ɗura buhu, yana cewa ya tsufa, har ya fara tambayar kuɗin sabo. Aka ba ɗalibi aikin dubawa. Ya zaga sau 20 kowace rana har kwana 15, kallo 300 ke nan. Ya tarar da injin a tsaye sau 90. Cikin 90 ɗin nan, sau 45 ana jiran a kawo buhunan wofi daga sito, sau 24 cikakkun buhuna sun tare wuri ba a kwashe ba, sau 12 an ɗauke wuta ana jiran a tā da janareto, sau 9 kaɗai ne injin ya lalace. Ashe lalacewar da a ke kuka da ita kashi 3 ne cikin 100 na yini, jiran buhu kuwa kashi 15. Cikin aikin sa'a 8, kashi 15 minti 72 ne. In injin yana cika buhu guda a minti, buhu 72 ke nan kowace rana, cikin kwanakin aiki 26 kuwa buhu 1,872. Da an sayi sabon inji, da shi ma ya tsaya jiran buhu kamar tsohon.

To, a nan ne a ke gane ɗalibin da ya koyi abin kirki. Ba zai ruga ya ce mai sito malalaci ne ba. Zai tambaya, sai ya ji dalilin da ya sa a ke ba da buhuna hamsin hamsin da takarda mai sa hannu shi ne an taɓa yin satar buhu. Dokar tana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Maganin da zai kawo lalle ya tsare wannan tushe: a ƙirga buhunan yini duka da safe a ajiye kusa da inji, da yamma a ƙirga cikakku da ragowar wofi, lissafi ya daidaita. Haka kuma wajibi ne ya duba ko injin casa yana fitad da shinkafar da za ta cika ƙarin buhunan nan. In ba ya fitarwa, ribar ba buhu 1,872 ba ce, sai dai a gama aiki da wuri a kashe janareto, wannan ma kuɗi ne, amma ba daidai da wancan ba. Ɗalibin da ya kai wa maigida babban adadi alhali bai duba wannan ba, ya ɓata sunansa da na waɗanda za su zo bayansa.

Sikeli ma wuri ne da a kan yi hasara a ɓoye. In kowane buhu mai kilo 50 yana fita da rarar giram 200, masana'antar da ke cika buhu 500 a yini tana kyautar da kilo 100, watau buhu 2 kullum, buhu 52 a wata, ba wanda ya gode mata. Ɗalibi zai iya auna buhu goma kowace sa'a ya rubuta, ya ga ko sikelin yana karkata ne, ko hannun masu ɗurawa ne ya bambanta. Nufin gyaran shi ne buhu ya cika daidai. Tauye mudu ba ragin kuɗin aiki ba ne, zamba ce, hukuma kuma tana da masu duba awo.

Iskar da ke zuba

Masana'antu da yawa suna aiki da iska mai ƙarfi wadda kwampireso ke matsawa cikin bututu. Ma'aikata su kan ɗauka iska ba ta da kuɗi, har su riƙa kakkaɓe rigunansu da ita, alhali kuwa wuta ko man dizal ne aka ƙona kafin a same ta. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa inda ba a kula da bututu, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar ya kan tsere ta mahaɗai da ƙananan huji. Ranar da ba a aiki, wuri ya yi tsit, ɗalibi da makaniki guda za su iya bin bututun da kunne da ruwan sabulu, duk inda ya yi kumfa su rataya alama, a bi a ɗaure.

Amurkawa sun mai da irin wannan aiki babban shiri. Tun 1976 gwamnatinsu ta fara biyan waɗansu jami'o'i su aika malami da ɗalibansa na injiniya zuwa ƙanana da matsakaitan masana'antu, su yini suna awo, daga baya su aiko da rahoton inda za a rage kashe kuɗi, mai masana'anta bai biya ko kwabo ba. Kafin ƙarshen 2023 irin wannan ziyara ta haura 20,000. Wajen rabin shawarwarin ne masu masana'antu suka yi aiki da su. Wannan ba abin kunya ba ne, gama ba kowace shawarar ɗalibi ce ke da amfani ba, mai kamfani ne zai tace.

Tsoron ma'aikata

Yanzu a koma kan leburorin Bethlehem. Aikin da mutum 400 ko fiye ke yi ya koma hannun 140. Wanda ya tsira ya sami ƙarin lada, amma kayan da ya ke kwashewa sun kusa ninka huɗu, ladansa kuwa bai ko ninka biyu ba. Ma'aikata ba su jahilci wannan lissafi ba. A watan Agusta 1911, masu zubin ƙarfe a ma'aikatar makamai ta Watertown kusa da Boston suka ajiye aiki sa'ad da aka tsaya kan ɗayansu da agogo. Majalisar Amurka ta yi bincike, ta kira Taylor ya yi bayani, daga 1915 kuma aka hana awon aiki da agogo a ma'aikatun soja na gwamnati, hanin bai tashi ba sai 1949.

Saboda haka in ɗalibi ya shiga ɗakin aiki da takarda a hannu yana rubutu, abin da zai fara zuwa zuciyar ma'aikaci shi ne an kawo ɗan leƙen asiri, za a rage mutane. Daga ranar ba zai sake ganin aiki na gaskiya ba. Wajibi ne manaja da kansa ya tara ma'aikata tun ranar farko, ya gaya musu abin da yaron zai auna da dalilinsa, ya kuma tabbatar musu inji da hanya a ke aunawa, ba sunan kowa za a rubuta ba. In ya yi wannan alkawari lalle ya cika shi. Kamfanin da ya kori mutane da rahoton ɗalibi, ba zai ƙara jin gaskiya daga bakin ma'aikatansa ba. Lokacin da aka tsimi gara a juya shi wajen ƙarin kaya, ko a rage aikin bayan lokaci da kwanan janareto.

Shi kuma ɗalibi ya san da ɗan gari a kan ci gari. Helman da ya shekara ashirin kan inji ya san kukansa, ya san abin da aka gwada shekarun baya bai yi ba. Yaron da ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, na ga injin nan ya kan tsaya wajen azahar, ko mene ne sanadi?" zai ji cikin minti biyar abin da zai kwana bakwai yana nema. Sau da yawa ma maganin yana bakin ma'aikata tun tuni, ba a dai taɓa tambayarsu ba ne, aikin ɗalibi shi ne ya sa masa adadi ya kai shi teburin manaja, ya kuma faɗi wanda ya ba shi.

Kada kuma a ɗora wa koyon aiki abin da ya fi ƙarfinsa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, saboda tsadar wuta da man injuna da kwararowar yadi mai araha daga waje, da waɗansu dalilai. Ba ɗalibin da zai iya tare wannan da fensir. Amma inda wuta ke da tsada, nan ne kowane minti na janareto ya fi daraja, mai ƙaramar masana'anta kuwa wanda ba shi da halin ɗauko ƙwararre ya biya shi, ga mai awo ya zo har ƙofarsa.

Abin da ya kamata mai masana'anta ya yi

Kafin ɗalibi ya iso, a zaɓa masa matsala guda ɗaya wadda ta dami kamfani da gaske, mai iyaka, wadda za a iya aunawa: yawan tsayawar wani inji, ko kayan da a ke mayarwa gyara, ko daɗewar mota a bakin sito kafin a gama lodi. Cewa "ka duba mana kome da kome" daidai ya ke da ba a ba shi aiki ba. A haɗa shi da mutum guda cikin manya wanda zai zauna da shi ko da rabin sa'a ne kowane mako. A buɗe masa littattafan da suka shafi aikin, na mai da na kaya da na gyara, a kuma gargaɗe shi cewa asirin kamfani amana ne. A ba shi takalmi da hular kariya kamar kowa, kada a bar shi ya tā da inji shi kaɗai. Kuɗin mota da na abinci da kamfani zai ƙara masa kaɗan ne in an gwada da buhu biyu na shinkafa kowace rana.

Watan farko na kallo ne da tambaya, ba a son shawara daga bakinsa tukuna. Na biyu da na uku na awo. Daga nan a gwada gyaran a wuri ƙarami, inji guda ko rukunin ma'aikata guda, a sake aunawa da irin hanyar da aka auna da fari, don a san ko an ci riba ko ba a ci ba. Malamin da ke zuwa daga makaranta, maimakon ya sa hannu a littafi ya juya, a nuna masa adadin ya duba lissafin, wannan shawarar ƙwararre ce kyauta.

Wurin da aikin ya fi mutuwa shi ne bayan tafiyar ɗalibi. Rahoto mai shafi sittin ya kan shiga durowa, mako uku kowa ya koma yadda ya saba. Don haka cikin watansa na ƙarshe a sa shi ya rubuta sabon tsarin a takarda guda, da harshen da ma'aikata ke karantawa, a manna jikin bango kusa da injin. A naɗa ma'aikaci guda da zai ci gaba da rubuta adadin kowane mako, ɗalibin ya koya masa kafin ya tafi. Takardun awon kuma a adana su a ofis, in ɗalibin baɗi ya zo a miƙa masa su ranar da ya fara.